Kujerar Bakin Taga

Shekara ashirin da huɗu ina kiran suna a wannan aji na Puno,
inda sanyin tafkin Titikaka ke shigowa ta tsagar gilashi.
Har yau bakina yana tsayawa a layi na talatin da ɗaya:
Wara Ticona.

Tun duhun asuba take baro tsibiri
a kwale-kwalen kawunta, tsakanin kwandunan kifi,
ta iso da ƙarni a hannun riga
da amsar lissafin da ni kaina sai na leƙa bayan littafi.

Ba ni na tsara zaman ajin ba, haka na tarar da shi.
'Ya'yan masu otal a gaba, kusa da allo,
'ya'yan ma'aikata a tsakiya,
masu kitso biyu kuwa can baya, bakin taga,
inda iska take gatsar kunne.

Ranar da ta miƙe karatu
Sifaniyanci ya sarƙe da Aimara a harshenta.
Renato Bedoya ya toshe hanci ya kwaikwaye ta,
aji ya kece da dariya.
Ni kuwa na juya baya
ina goge allon da ba a rubuta komai a kansa ba.

Ai na saba da gogewa.
Kakata ta mutu ba ta san kalmar Sifaniyanci ko ɗaya ba.
A Arekifa na datse kitsona, shekarar farko a kwaleji,
na wanke bakina tas kamar tukunyar aro
don kada mai ita ya ji ƙanshin abin da aka dafa.

A aji uku ƙanƙara ta kashe musu dankali.
Uban ya zo, hula a hannu, yana murza bakinta.
Ya ce kuɗin jirgi, kuɗin yunifom, kuɗin littafi,
aljihu ɗaya ba zai ɗauki yara biyu ba.
Na buɗe masa rajista:
Eusebio sha ɗaya bisa ashirin,
Wara sha tara.
Ya daɗe yana kallon lambobin da bai iya karantawa ba,
sannan ya ce, Malama, shi namiji ne.
Na ce to.
To kawai na ce.

Renato yana Lima yanzu, an ce likitan ido ne.
Eusebio yana jan babur mai ƙafa uku bakin tasha,
takardar shaidarsa a leda ƙarƙashin kujera.
A ofisoshi sunan mahaifi suke fara karantawa
kafin su kai ga maki.

Asabar ɗin da ta wuce na gan ta a kasuwa,
bayan tulin busasshen dankali, zane a kafaɗa.
Kilo uku da rabi, na ce.
Kafin in lalubo wayata ta faɗi kuɗin, ta miƙo canji,
ba ƙari, ba ragi.
Na buɗe baki in nemi gafara,
shekaru goma sha shida ina tauna kalmomin.
Ta riga ni.

Ta ce, 'yata Illari tana ajinki bana.
Ba na roƙon maki, za ta nemo abinta.
Ki dai ɗauke ta daga bakin tagar nan,
ƙirjinta ba ya son sanyi.

Da Aimara ta faɗa.
Ba ta tambaya ko ina ji ba.

Yau Litinin, na riga mai shara zuwa.
Kujerun sun fi yadda nake zato nauyi,
ƙafafunsu sun yi rami a siminti,
kowace ta san wurinta.
Na ja ta farko, ta yi ƙara har ofishin shugaba.
Saura talatin da bakwai,
ga ƙararrawa ta kusa.